Kashe inji a gangara: Me yake yi wa giyar otomatik?

Duk lokacin da mai ya yi tsada, wata tsohuwar dabarar direbobi takan dawo. Idan an zo gangara sai a mayar da giya firi, a murɗa makulli a kashe inji, a bar mota ta tafi da nauyinta, sai an kusa ƙarshen gangaren a sake tayarwa. Masu motar manuwal sun daɗe suna yi. Da motocin otomatik suka yawaita, sai dabarar ta biyo direbobi zuwa cikinsu, kuma daga nan gardama ta tashi. Wani bakanike zai ce gangara ɗaya ta isa ta ƙona giyabos. Wani direba zai rantse cewa ya shekara yana yi, motarsa lafiya lau.

Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne sabbin motoci da kansu suna kashe inji suna cikin gudu. Audi A8 da ta fito a 2017 tana iya kashe injinta har tsawon daƙiƙa 40 idan tana gudu tsakanin kilomita 55 da 160 a awa, kuma giyarta otomatik ce. Mai tambaya yana da hujja idan ya ce: in kamfani ya yarda motarsa ta yi haka, me zai hana ni yi da hannuna? Amsar tana cikin yadda mai ke yawo a giyabos, da kuma abin da aka ƙara wa waɗancan motoci wanda babu shi a sauran.

Abu uku da ake haɗawa a suna ɗaya

Yawancin gardamar tana tasowa ne saboda kowa da abin da yake nufi idan ya ce mota tana gangarawa.

Na farko, giya tana kan D, inji yana aiki, direba ya ɗage ƙafa daga totur kawai. Wannan tuƙi ne na yau da kullum, babu wata magana a kansa.

Na biyu, an mayar da giya N, wato firi, amma inji yana aiki a hankali. A nan an raba taya da inji, sai dai komai na motar yana raye: famfon mai yana juyawa, birki da sitiyari suna da ƙarfinsu. Famfon yana tura mai kaɗan saboda inji ba ya gudu, amma yana turawa. Matsalar wannan ta fi shafar iko da mota a kan lafiyar giyabos.

Na uku shi ne batun wannan sharhi: an kashe inji gaba ɗaya, taya kuwa tana juyawa. Ga giyabos, wannan hali daidai yake da a ɗaure mota da igiya a ja ta da tayoyinta huɗu a ƙasa. Giyabos bai san bambancin gangara da janwe ba. Abin da ya sani shi ne gefen inji ya tsaya, gefen taya yana gudu.

Me ke faruwa a ciki idan inji ya tsaya?

A giyabos na manuwal, haƙoran giya suna nutse a cikin mai daga ƙasa. Da sun juya sai su watsa man ko'ina, shi ya sa yawancinsu ba su da famfo. Otomatik na gargajiya ba haka yake ba, domin man da ke cikinsa ayyuka huɗu yake yi lokaci guda.

Shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa giya, ta cikin wata rufaffiyar tukunyar ƙarfe da ake kira tok konbata. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna: inji yana juya ɗaya, ita kuma ta watsa mai da ƙarfi ya juya ɗayar. Shi ne kuma ke matse faya-fayan kulochi da ke zaɓar giya ta ɗaya ko ta biyu ko ta baya, domin babu ƙafar direba da za ta yi wannan aiki. Sannan yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a boris da bushi da haƙora. A ƙarshe yana kwashe zafi ya kai wurin sanyaya, wanda a motoci da yawa yake cikin lagireto, ya dawo.

Duk huɗun sun dogara ga famfo ɗaya da ke bakin giyabos, kuma wuyan tok konbata ne ke juya shi. Tok konbata kuwa a ɗaure take da kiranshaf, wato babban sandan ƙarfen da inji ke juyawa. Saboda haka da inji ya tsaya, famfo ya tsaya, a daidai wannan daƙiƙar.

Abin lura shi ne yadda mai ke isa wuraren da suka fi buƙatarsa. A irin wannan giyabos, haƙoran an tsara su ne ɗaya a tsakiya, ƙanana uku ko huɗu suna zagaya shi, babban zobe mai haƙora ya kewaye su duka. Kowane ƙaramin haƙori yana juyawa a kan ɗan sandan ƙarfe da siraran boris masu kama da allura. Man da ke isa gare su ta cikin ramukan da aka huda a tsakiyar shaf yake bi, famfo ne ke tura shi. Tarin man yana can ƙasa a cikin faranti, waɗannan sassa kuwa suna sama da shi. Idan babu turi, babu abin da zai hau da shi.

To, mota tana gangarawa, taya tana juya shaf ɗin fita, shaf ɗin yana juya wani ɓangare na waɗannan haƙora. Da yake gefen inji a tsaye yake, bambancin gudu tsakanin wasu sassa yakan fi na lokacin tuƙi na al'ada, har wasu ƙananan haƙora su riƙa juyawa da saurin da ba su saba ba. Faya-fayan kulochi da aka saki suna wuce juna da ɗan siririn tazara, kuma man da ke ratsa tsakaninsu ya daina zuwa. Abin da ya rage kawai shi ne ɗan man da ya manne a jikin ƙarfe kafin a kashe injin.

Wannan ragowar man ita ce dalilin da ya sa ɓangarorin biyu na gardamar kowa yake da rabon gaskiya. Ba ta ɓacewa nan take, shi ya sa mota ba ta ƙonewa a gangaren farko. Amma ba ta daɗewa, musamman idan an riga an yi doguwar tafiya. Man giya yakan kai zafin digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos lokacin aiki, kuma mai idan ya yi zafi yakan tsinke ya tsiyaye da sauri. Gudu kuma yana wurga shi waje daga sassan da ke juyawa. Da ya ƙare, boris da bushi su fara cin juna, zafi ya taru a wuri ɗaya, ba mai kwashe shi.

Irin wannan lalacewa ba ta da ƙara a ranar farko. Garin ƙarfe ne ke shiga cikin mai kaɗan-kaɗan, ya bi ya toshe matata, ya maƙale a bawul-bawul masu sarrafa canjin giya. Bayan watanni sai a fara jin kuka daga ƙarƙashin mota, ko giya ta riƙa jinkirin shiga, ko ta riƙa fizga. A lokacin, da wuya mai motar ya tuna da gangaren, sai a ɗora laifin kan tsufan mota ko kan man da aka zuba.

Famfon da aka cire

Ba haka otomatik ya fara ba. Hydra-Matic na kamfanin General Motors, wanda ya fito a motocin Oldsmobile na 1940, famfo biyu gare shi: ɗaya a gaba inji na juya shi, ɗaya a baya shaf ɗin fita na juya shi. Da mota ta motsa, ko inji a kashe yake, famfon baya yana tura mai. Shi ya sa a wancan zamani ana iya tura motar otomatik ko a ja ta har ta tashi, in dai an kai wani gudu. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanonin Amurka suka fara cire famfon baya, domin batir da sitata sun inganta, kuma cire shi yana rage nauyi da kuɗin ƙira. Wasu motocin Mercedes-Benz sun ci gaba da shi har cikin shekarun 1980.

Wannan tarihi yana bayyana abu biyu. Dattijon direban da ke cewa a da suna kashe otomatik a gangara ba abin da ke faruwa, mai yiwuwa gaskiya yake faɗa game da motar da ya tuƙa. Kuma dalilin da ya sa ba a tura otomatik ta yau ta tashi shi ne dai dalilin da ya sa ba a so a gangara da ita a kashe: babu famfon da taya ke juyawa.

Abin da kamfanoni suka rubuta

Tun da gangara a kashe da jan mota abu ɗaya ne ga giyabos, shafin da ya fi amsa tambayar a littafin mota shi ne shafin janwe. Volkswagen a yawancin motocinsa na otomatik yana cewa kada a wuce gudun kilomita 50 a awa, kada kuma a ja ta fiye da kilomita 50. Ford a motoci da dama na Amurka ya sa iyakar mil 35 a awa da nisan mil 50, kimanin kilomita 56 a awa da kilomita 80. Toyota a littattafan motoci da yawa ya ba da kilomita 80 amma da gudun da bai kai 30 a awa ba. Wasu motocin an hana jan su da tayoyin da ke ja a ƙasa ko da na ɗan taƙi ne, sai dai a ɗora su a bayan babbar mota.

Kowane ɓangare yana kafa hujja da waɗannan alƙaluma. Masu cewa babu illa suna cewa: in kamfani ya amince da kilomita 50, mene ne kilomita biyu na gangara? Kuma da an tayar da inji, mai ya sake wanke komai. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta rushe da'awar cewa gangara ɗaya gajera tana kashe giyabos. Injin da ya mutu a hanya aka lallaɓa da motar zuwa gefen titi, ko motar da aka tura daga bakin ƙofa zuwa cikin gareji, babu abin damuwa a kansu.

Sai dai akwai abin da wannan hujja ta tsallake. Iyakar ta zo da sharaɗi biyu ne, nisa da gudu, kuma mai gangara yana karya na biyun kusan kullum. Ba wanda ke kashe inji don ya yi gudun 30. Ana yi ne a babbar hanya, a kan 80 ko 100, ninki biyu ko uku na abin da aka yarda. Zafin da gogayya ke haifarwa yana hawa tare da gudu, ragowar man kuma tana saurin barin wurin. Sannan an rubuta iyakar ne don ranar lalura, wadda za ta iya zuwa sau ɗaya ko biyu a rayuwar mota. Wanda ke yin kilomita biyu a kowace rana zai tara fiye da kilomita 700 a shekara ba tare da famfo ba. Gaskiya ne ba a jere aka yi su ba, saboda haka ba daidai suke da jan mota kilomita 700 a tashi ɗaya ba. Amma kowace gangara tana da nata rabon na gudu ba isasshen mai, kuma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa idan an tayar da inji.

Idan aka auna maganganun biyu, abin da ya tsaya shi ne: sau ɗaya, a hankali, a ɗan nisa, ba ya ɓata giyabos. Maimaitawa a kan gudu yana rage masa kwana, kuma ba a ganin ragin sai ya taru.

Lokacin kashewa da lokacin tayarwa

Tsakiyar gangaren ba ita kaɗai ce wurin haɗari ba. Wanda ya kashe inji giya tana kan D ya fi wanda ya fara mayar da ita N ɓarna. Na ɗan lokaci taya za ta ci gaba da jan inji, amma yayin da juyinsa ke raguwa, ƙarfin famfo yana raguwa, faya-fayan kulochi su kasance ba a matse sosai ba, ba a sake sosai ba. Suna zamewa a kan juna da nauyin mota a kansu, kuma abin da ke ƙona su ke nan.

Tayarwa ma da nata. Motar otomatik ba ta karɓar sitata sai a P ko N. Direban da ya rikice ya tura giya P mota tana gudu, ya jefa sakatar ƙarfen da ke kulle shaf a kan haƙoran da ke juyawa. Idan an yi sa'a ta yi ta ƙara tana tsallake haƙoran, idan ba a yi ba ta karye ko ta kulle taya. Hanyar zuwa P kuma a yawancin motoci ta kan R take bi. Motoci masu maɓallin tayarwa suna buƙatar a taka birki kafin inji ya tashi, wasu kuma da an kashe su a ƙaramin gudu sai su shiga P da kansu.

Bayan inji ya tashi, sai a mayar da giya D mota tana kan 80 inji kuwa yana juyin zaman banza. Kwamfutar giya tana karanta gudun mota ta zaɓi giyar da ta dace, don haka motocin zamani suna jure wannan, amma faya-fayan kulochi ne ke shanye bambancin, kuma a daidai lokacin da mai bai gama cika hanyoyinsa ba.

Otomatik ba iri ɗaya ba ce

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi otomatik na gargajiya mai tok konbata. Amma motocin da ba su da fedar kulochi sun kasu gida-gida.

CVT, wanda ya yawaita a motocin Nissan, Subaru, Honda da Toyota na baya-bayan nan, ba shi da giya ta ɗaya da ta biyu. Bel ɗin ƙarfe ko sarƙa ce ke gudu tsakanin fuli biyu da ke buɗewa da tsukewa. Ƙarfin mai ne ke matse bel ɗin a tsakanin fulin. Idan famfo ya tsaya taya tana juya fulin fita, bel yana iya zamewa ya karce fuskar fulin, kuma fuskar da ta karce ba ta gyaruwa sai canji. Wannan nau'in shi ne mafi rashin haƙuri da gudu a kashe, shi ya sa ƙa'idar jansa ta fi tsanani.

Mai kulochi biyu, irin DSG da Volkswagen ya fito da shi a 2003, cikinsa ya fi kama da manuwal. Wanda kulochinsa ke cikin mai yana da famfon da inji ke juyawa, don haka matsalar tana nan. Wanda kulochinsa busasshe ne haƙoransa suna watsa wa kansu mai, amma kwamfuta da lantarki ne ke sa giya da cire ta, kuma kashe makulli yana katse su a tsakiyar aiki.

Akwai kuma manuwal ɗin da aka sa wa na'ura tana taka kulochi da canja giya a madadin direba, wanda ake samu a wasu ƙananan motoci da manyan motocin kaya. Ta fuskar mai, hukuncinsa na manuwal ne. Ko manuwal ɗin ma ba duka ne ya tsira ba: a manyan motoci da yawa sai an kwance farfela, wato dogon sandan da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin baya, kafin a ja su nesa, domin shaf ɗin da ke watsa mai gefen inji ne ke juya shi.

Sai 'yan tsirarun da kamfani ya amince a ja su da taya huɗu a ƙasa a doguwar tafiya. Honda CR-V har zuwa ta 2014 tana cikinsu, amma da sharaɗi: a tayar da inji, a bi da giya ta kowane matsayi, a dawo N daga D, a bar inji ya yi minti uku yana aiki, sannan a maimaita bayan kowace awa takwas ta tafiya. Wato ko motar da aka yarda da ita, sai an cika mata hanyoyin mai tukuna. Da aka koma CVT a ta 2015, izinin ya faɗi.

Motocin da ke kashe injinsu da kansu

A nan ne amsar tambayar farko take. Injiniyoyin da suka so mota ta riƙa kashe inji don tsimin mai sun ci karo da wannan matsala ta famfo, kuma sai da suka kashe kuɗi suka magance ta.

Don motar da ke kashe inji a wurin tsayawa kawai, kamfanin ZF na Jamus ya sa wa giyabos ɗinsa mai giya takwas wata 'yar ma'ajiyar mai da sifirin ke matsewa, wadda ke watsa man cikin hanyoyi da an saki birki, mota ta shirya tafiya cikin kusan sulusin daƙiƙa. Mercedes-Benz ya sa famfo na biyu mai aiki da lantarki a giyabos ɗinsa mai giya tara da ya fito a 2013. Motocin da ke kashe inji suna cikin gudu, irin Audi ɗin da aka ambata, suna da ƙarin batir mai ƙarfin bolt 48 da injin lantarki da ke tayar da inji ta bel cikin ƙiftawar ido. A duk tsawon lokacin, makulli a kunne yake, kwamfuta tana aiki, sitiyari da birki da jakar iska duk suna raye, kuma da direba ya taɓa totur ko birki sai tsarin ya sake lissafi. Iyakar daƙiƙa 40 ma ba a banza aka sa ta ba.

Motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da na lantarki, irin Toyota Prius, wadda ta fara fitowa a Japan a 1997, tun daga tushe an ƙera su ne su yi tafiya inji a kashe. Amma ko su, littafinsu ya hana a ja su da tayoyin da ke ja a ƙasa, domin taya za ta juya injin lantarki ya haifar da wuta alhali tsarin da ke sarrafa ta a kashe yake. A kan N kuma batirinsu ba ya caji.

Kasancewar kamfanoni sun ƙara famfo da batir da kwamfuta kafin su bari inji ya mutu a kan gudu, shi kansa shaida ne a kan motar da ba ta da su.

Nawa ake tsimi?

Dabarar ta samo asali ne a zamanin kafireto, lokacin da inji ke zuƙar fetur muddin yana juyawa. Motoci masu injekta suna da wani tsari: idan giya tana ciki, an ɗage ƙafa daga totur, juyin inji kuma yana sama da wani mataki, kwamfuta tana rufe fetur gaba ɗaya. Taya ce ke juya inji, ba ɗigo ɗaya da ke ƙonewa, famfon giya kuwa yana aiki. A gangare mai tsayi, inda dole a riƙe mota da birki ko ta halin ƙaƙa, barin giya a D yana ba da tsimin da ake nema kyauta.

Masu goyon bayan firi suna da magana ɗaya mai ma'ana: inji da ke haɗe da taya yana rage wa mota gudu, don haka a gangare mai sauƙi motar da aka sake ta fi nisa kafin a sake taka totur. Haka ne, kuma shi ya sa wasu sabbin motoci ke sakin giya da kansu. Amma bambancin firi inji a kunne da firi inji a kashe shi ne man zaman banza kawai. Ƙaramar mota ko matsakaiciya tana shan tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa idan tana aiki a tsaye. A ɗauka lita 0.8 ce. Gangaren kilomita biyu a gudun 60 minti biyu ne, wato kimanin mililita 27 na fetur. Wanda ya yi irin wannan sau 37 ne zai tara lita ɗaya. A ɗaya hannun, ga giyabos, wanda bayan inji babu abin da ya kai shi tsadar gyara a mota, ga sitata da batir da ake ƙara wa aiki, ga turbo, in motar tana da shi, da ake yanke wa mai yana tsakiyar zafi. Garin neman gira ake rasa ido a wannan lissafi.

Birki da sitiyari

Ko da a ce giyabos ba ya lalacewa, da sauran magana. Taushin da direba ke ji a fedar birki yana zuwa ne daga wata baƙar tukunya da ke bayan fedar, wadda ke aiki da zuƙar iskar inji. Idan inji ya mutu, abin da ta ajiye yakan isa taku biyu ko uku. Daga nan fedar ta yi tauri. Birkin yana nan, amma sai an danna da ƙarfin da mutane da yawa ba su taɓa gwadawa ba, kuma nisan tsayawa yana ƙaruwa. Manyan motoci masu birkin iska kuwa, inji ne ke juya kwamfiresan da ke cika tankinsu.

Sitiyari mai aiki da mai, bel ɗin inji ne ke juya famfonsa, don haka yana yin nauyi nan take. Mai aiki da lantarki a motoci da yawa yana bin makulli. Riƙon da inji ke yi wa mota a gangare ya tafi, duk aikin ya koma kan birki, shi kuma idan ya yi zafi ƙarfinsa yana raguwa. Idan kuma aka buƙaci totur don kauce wa wani abu, babu shi.

Duniya ta ga abin da mutuwar inji a kan gudu ke haifarwa a 2014, lokacin da General Motors ya janye kimanin motoci miliyan 2.6, ciki har da Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, saboda makullinsu yana zamewa da kansa ya kashe inji. Birki da sitiyari suna yin nauyi, jakar iska kuma ba ta buɗewa. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutum 124 a dalilin haka. Mai kashe inji a gangara yana sa motarsa a cikin wannan hali ne da gangan.

Dokokin hanya ma sun taɓo batun, tun ma kafin a kai ga kashe inji. Ƙa'ida ta 122 a kundin tuƙi na Birtaniya ta yi gargaɗi a kan tafiya a firi ko da kulochi a take, saboda tana rage iko da mota. Jihar Kalifoniya a Amurka ta haramta gangara a firi a sashe na 21710 na dokar motocinta, kuma wasu jihohin suna da irinta.

Ga wanda ya saba, da wanda abin ya same shi

Wanda ya daɗe yana yi kuma motarsa tana tafiya daidai, abin da zai fara dubawa man giya ne. Sabo a yawancin motoci ja ne garau ko ruwan zuma. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, faya-fayai sun sha zafi. Idan an kwance farantin ƙasa, maganaɗisun da ke ciki yakan riƙe ɗan laushin gari mai toka-toka, wannan ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa, ko mai launin tagulla, shi ke nuna boris ko bushi sun cinye. Canja mai da matata yana fitar da dattin, amma ba ya mayar da abin da ya goge. Mai sayen motar hannu zai iya yin wannan binciken kafin ya biya, ya kuma saurari ko akwai kukan da ke hawa da sauka tare da gudun mota, ya lura da tsawon lokacin da giya ke ɗauka kafin ta kama idan an sa D ko R da safe.

Idan inji ya mutu da kansa ana cikin tafiya, giyabos ne abu na ƙarshe da za a damu da shi. A mayar da giya N, a bar makulli a kunne, a kunna fitilun gargaɗi, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a danna birki da ƙarfi sau ɗaya a riƙe, kada a yi ta taka shi ana sakewa domin kowane taku yana cinye ajiyar iskar. Sai mota ta tsaya cak a sa P. Idan kuwa totur ne ya maƙale, N ce ta farko, kashe inji sai bayan an tsaya.

In ya zama dole a ja motar, mafi aminci shi ne a ɗora ta baki ɗaya. In babu hali, a ɗaga tayoyin da ke ja: na gaba a motar da ke ja da gaba, na baya ko a kwance farfela a mai ja da baya. Mai ja da taya huɗu kuwa, ɗaga biyu a bar biyu a ƙasa yana iya ɓata na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, don haka ita sai ɗorawa.